Idan wanda aka sallama daga asibitin masu taɓin hankali ya yi ta'asa, ga yadda za ku bi kadi

Da farko dai kar ku yarda a ce "ai ba shi da lafiya" a rufe zancen. Kotu ce za ta duba ko yana cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata, ko ya san abin da yake yi laifi ne, ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi tun shari'ar M'Naghten ta 1843 a Ingila. Amma ko kotu ta ce ba ya cikin hankalinsa, akwai tambayar da ke nan daram: waye ya sallame shi, kuma da wane shiri?

To ku nemi takardu da wuri kafin fayil ya yi ƙafa, a rubuce, in aka ce sirrin majinyaci ne ku bi ta hannun lauya. Ku duba ko an auna haɗarinsa kafin sallama, ko an sanar da danginsa, ko an sa masa ranar dawowa ganin likita, sannan babbar tambayar, da ya daina zuwa ko ya ajiye magani wa ya neme shi? Wallahi nan ne ɓarakar take yawan fitowa. Mutumin da ya kashe mutum 3 a birnin Nottingham na Ingila a watan Yunin 2023, tun Satumban 2022 aka cire shi daga kulawar likitocin ƙwaƙwalwa saboda ba ya zuwa, alhali rashin zuwan nan shi kansa alama ce ciwon na ƙaruwa.

Ku jera komai da kwanan wata, musamman in dangi sun taɓa kai kuka aka share su, saƙon waya ma hujja ne. In ya taɓa faɗa wa likita sunan wanda zai cutar, wannan magana ce babba, a 1976 kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta Amurka a shari'ar Tarasoff ta ce wajibi ne likitan ya kare wanda aka yi wa barazanar.

Don Allah kar zafin rai ya sa a koma kiran a kulle duk mai taɓin hankali, mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake cuta ma.

Ƙorafi kuwa ku kai shi ga shugabannin asibitin da hukumar da ke ba likitoci lasisi, ku nemi a yi bincike mai zaman kansa, ba asibiti ya binciki kansa ba. Ku tambayi lauya wa'adin shigar da ƙarar sakaci tun ranar farko, don yana ƙarewa.