Yadda ake duba gida, da lokacin da ya kamata ka taya

Na raka mutane da yawa duba gida a Kano, ƙanne da abokan aiki da surukai, kuma kusan duk sabon shiga wuri ɗaya yake faɗuwa. Dillali ya buɗe ƙofa, mutum ya ga tayil yana ƙyalli, ya ga sabon fenti da fitilun silin, kafin a fito soro ya riga ya ce, "To nawa ne gaskiyarsa?" Shi ke nan an gama da shi. Ni ma haka aka gama da ni a gidana na farko, don haka abin da zan faɗa da kuɗina na koye shi.

Zuwan farko na ido ne kawai. Ka bi dillali, ka gaisa, ka rufe bakinka. Kada ka yaba, kada ka kushe. Ni ba na zuwa da iyali a wannan rana, domin da zarar uwargida ta ce "nan ne ɗakin yara" a gaban dillali, kuɗin gidan ya ƙaru. Wanda za ka ɗauka shi ne birkila wanda ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin yininsa. Kuɗi ne kaɗan idan ka auna da abin da zai gano maka.

Kafin ka shiga, ka tsaya a titi ka dubi ƙofar gidan. Wa ya fi tudu, daɓen gidan ko layin? A unguwanni da yawa ana ta zuba ƙasa a layi shekara da shekaru, layin ya tashi, gidajen su zama rami. Sannan ka dubi ƙofofin maƙwabta. In ka ga kowa ya gina ɗan shinge na bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofarsa, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ko ka ga ruɓaɓɓun buhunan yashi a jingine, ba ado ba ne. Ruwa suke tarewa. Ka bi kwatar layin da ƙafa har ka ga inda take zubewa. Wata kwatar tana tafiya gida biyar ta mutu a jikin katangar wani.

A nan na ci ƙasa. A watan Maris na ga gidan, rana na ƙuna, ko'ina ƙura, gidan fes kamar ba a taɓa shiga ba. Na lura an yi wa ƙasan bango fenti mai duhu, kamar tsayin gwiwa, zagaye da tsakar gida, har na ce mai gidan ya san ado. Cikin Agusta aka yi ruwan dare, na farka na ji takalman yara suna karo da ƙofar ɗaki. Ruwan ba daga sama ya shigo ba, ta rariya ya dawo daga layi, da duk abin da kwata ta ɗauko. Da safe muna kwasa da bokiti, wani dattijo maƙwabcina ya leƙo ya yi mana jaje. Na ce, "Baba, dama haka wurin nan yake?" Ya ce, "Ɗana, ai nan kududdufi ne, muna yara a nan muke kamun kifi. Da ka tambaye mu da mun gaya maka." Ban tambaya ba. Birnin Kano cike yake da tsofaffin kududdufai da aka haƙa don ƙasar gini, daga baya aka cike su da shara aka yanka fulotai. Gini a irin wannan wuri ba ruwa kaɗai yake sha ba, zama yake yi a hankali, bango ya tsage.

Saboda haka in ka shiga, ƙasan bango za ka fara duba, ba silin ba. Ka shafa da hannu. In fenti yana kumbura, ko filasta tana zubowa kamar gari, ko akwai farin abu kamar kanwa, ginin yana jan ruwa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa. Ka ƙwanƙwasa filasta da tayil da makullin mota; inda ya yi ƙarar fanko, ya saki. Tsaga siririya kamar gashi ba ta dame ni ba. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har tsinken ashana na shiga, ita ce za ka nuna wa birkila. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, wadda take cijewa a sama tana ba ka labarin harsashin ginin. Ka matsar da katifa ko kwabar da aka jingina a bango. Sai ka ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin, in da hali yaron birkila ya hau ya ga katako da kwano. Ka tambayi inda masai yake da inda rijiya take, ka auna tazararsu da ƙafa. Na ga gidan da taku shida ne tsakaninsu, kuma ruwan ake sha.

Mataki na biyu shi ne ka koma kai kaɗai, ba tare da dillali ya sani ba. Ni doka ce a wurina: gidan da ban gani bayan ruwan sama ba, ba na taya shi. In rani ne kuma ba za ka iya jiran damina ba, to bakin mutanen unguwa ne daminarka. Ka yi magariba a masallacin layin, ka zauna wurin mai shayi, ka sayi wani abu a kanti. Kada ka ce saye za ka yi, ka ce kana neman wuri a unguwar. Nawa 'yan ga-ruwa suke sayar da jarka a watan Afrilu? Taransifoma ta taɓa ƙonewa, wata nawa aka yi kafin a gyara, nawa aka tara? Akwai 'yan sintiri? Me ya sa mai gidan can yake son sayarwa, kuma mutum nawa suka zauna a ciki suka tashi? Ka koma da daddare ma. Layin da yake shiru da hantsi yana iya zama matattarar 'yan shaye-shaye bayan isha'i, ko ka tarar bayan katangar injin markaɗe ne ko gidan biki. Ka kuma nemi a nuna maka takardar wuta ta ƙarshe, domin bashin kamfanin wuta na KEDCO sau da yawa a kan gidan ake barinsa, wanda ya tara shi ya yi gaba abinsa.

Sai maganar mai gida. Sau da yawa wanda ya kai ka dillalin dillali ne, shi ma wani ya gaya masa, kowa ya ɗora nasa. Ka ce sai ka zauna da mai gidan ido da ido, ka ga katin shaidarsa, ka ga sunan ya yi daidai da na takarda. In gidan yana da satifiket, wato shaidar mallaka ta gwamnati, ka karɓi kwafi ka ba lauya ya bincika fayil ɗin a ma'aikatar ƙasa ko KANGIS, hukumar da take riƙe bayanan filayen Kano, a ga ko an jinginar da shi a banki ko akwai bashin harajin ƙasa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma canza sunan mai irin wannan takarda sai da amincewarsa, wannan ma kuɗi ne da za ka lissafa. In awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ta yanka ba, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kaɗai za ka samu, to ka bi sarƙar, wa ya sayar wa wa, har ka kai mai gonar asali in zai yiwu. Ka kuma tabbatar gidan bai hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, kuma jan fentin gargaɗi da hukumar tsara birane, KNUPDA, take sawa a bango sabon fenti yana iya rufe shi.

Gidan gado ya fi kowanne araha, ya kuma fi kowanne kai mutum kotu. Babban wa ya ce shi ne wakili, bayan shekara ƙanwar da take aure a Kaduna ta ce ba da ita aka yi ba. A mazhabar Malikiyya ma, wanda yake da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, ya biya abin da ka biya ya karɓi kason da aka sayar maka. Ko dai duk magada su sa hannu, mata da maza, ko a kawo takardar kotun da ta raba gadon.

To yaushe za ka taya? Ranar da ka san ruwan gidan, ka san mai shi, lauya kuma ya ce takarda lafiya. Kafin nan ko da wasa kada lamba ta fito daga bakinka, don dillali ba ya manta lamba. Bayan nan kuma kada ka yi jinkiri. Gida mai tsabtar takarda a kan tudu ba ya kwana da yawa a kasuwa, kuma yadda siminti da rodi suke tashi, mai gida yana iya sauya magana cikin mako biyu. Na san wanda ya gama komai ya tsaya jiran a sauko, ya dawo ya tarar ana sauke kayan wani.

Ka nemi sanin nawa aka sayar da gida irinsa a layin kwanan nan, aka sayar fa, ba nawa aka yi masa kuɗi ba. Mai unguwa ya sani, don a gabansa ake yi. Ka yanke wa kanka iyaka a zuciya, ka cire la'ada, wadda galibi kashi 5 cikin 100 ake faɗa, ka cire kuɗin lauya da gyaran da birkila ya lissafa. A ce an yi kuɗi miliyan 20, iyakarka 17, ka fara daga 14 ko 15 ka faɗi dalili: kwano na son canji, babu rijiya. Za a ce albarka, ba faɗa ba ne, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Tayin wulaƙanci kuwa, irin rabin kuɗi, rufe ƙofa yake yi. In aka ce "akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi da la'asar", ka ce Allah ya ba mai rabo sa'a, ka tafi. Sau da yawa za a kira ka washegari. In kuwa da gaske an riga an daidaita da wani, ka janye, Annabi (SAW) ya hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

In an sallama, kuɗin kafin alƙalami ta banki za ka tura, asusun mai gida, ba na dillali ba, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru da kuɗin in ɗaya ya fasa. In da 'yan haya a ciki, a rubuta ranar tashinsu da wanda zai sallame su. Ranar cikon kuɗi a taru da shaidu na kowane ɓangare da mai unguwa, ka karɓi takardun asali da makullai a zaman nan, ka kira mai gyaran kwaɗo ya canza na ƙofar waje kafin magariba.