Gaton bakin teku da zai jure zafin Damagaram

Yaranmu da yawa ba su taɓa ganin teku ba sai a waya, shi ya sa gato mai ruwa shuɗi da rairayi yake ɗauke musu hankali a wurin biki. Kwaɓin ba shi da wuya, ƴar'uwa. Adon ne ke buƙatar dabara, saboda a Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40.

Ki tanadi ƙwai 4, da sukari, margarin da fulawa giram 200 kowanne, da ƙaramin sashe (ƙunshi) ɗaya na garin kumburin gato, da gogaggiyar kwakwa cokali 4. Ki buga sukari da margarin har su yi fari, ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tankaɗe fulawa da garin kumburi a kai, ki zuba kwakwa ki juya a hankali. A gasa a digiri 180 na minti 35 zuwa 40. Wadda ba ta da na'urar gashi ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora kwanon a kai, gawayi kaɗan a ƙasa, garwashi a kan murfi. Idan kin soka tsinke ya fito a bushe, ya nuna. Ki bar shi ya huce sarai.

Za ki ga masu yi a intanet suna zuba jeli shuɗi a matsayin ruwa. Ni ban ba ki shawara ba. Jelatin, abin da ke daskarar da jelin, yana narkewa tun kusan digiri 35, wuta na ɗaukewa tekunki zai malale a faranti. Ɗanyar abarba kuma tana hana shi daskarewa, ga shi wani daga alade ake yin sa, sai kin karanta kwalin da kyau. Man shanu ma ba ya jure zafi, margarin ya fi shi tsayawa.

Ki daka sukari giram 300 a busasshen turmi, ki tankaɗe har ya yi laushi, ki buga shi da margarin giram 150 da cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Ki shafe gaton duka da siririn shafi, sauran ki raba uku: fari, shuɗi mai haske, shuɗi mai duhu. Kalar abinci ɗigo-ɗigo ake sa ta, in ta yi yawa har harshen yara sai ta rina. Mai duhu a can gefe, mai haske a tsakiya, farin kuma ki ɗanɗana shi da bayan cokali inda ruwa ya haɗu da tudu, ya zama kumfar igiyar ruwa.

Rairayin kuwa dakakken biskit ne, a barbaɗa a ɗaya ɓangaren. Bishiyar kwakwa: ki jera dabino uku a tsinken tsire, ki soka ƙananan ganyen kan abarba a sama. Yankan mangwaro ya zama kwale-kwale, takarda mai launi da tsinken sakace su zama laima. Duk za ki same su a Kasuwar Dole.

Ki yi ado da sassafe, ki ajiye a firigo ko ɗaki mafi sanyi. Biskit da mangwaro sai baƙi sun fara sallama za ki ɗora, don biskit yana jan laima. Ki cire tsinkayen kafin ki yanka wa ƙananan yara.