Yadda za ka nemi ganin wasiyyar mamaci in an ɓoye maka

Abin nan yana yawan faruwa a nan Sakkwato, uba ya rasu, an yi zaman makoki an watse, sai ka ji ana raɗe-raɗin wai ya bar wasiyya amma takardar tana hannun babban wa ko baffa kuma ba mai ganinta. In kai magaji ne kana da haƙƙin a nuna maka, ko ke mace ce ko ƙaramin ɗa, don duk abin da aka fitar na wasiyya daga cikin dukiyar da za ku gada ake cire shi. Har matar da ke takaba, wata 4 da kwana 10 ɗin nan ba su hana a zo a karanta mata a ɗakinta ba.

Ka fara da lalama. Ka je da dattijo ɗaya da malamin da ya san ilimin gado, ka ce Baffa don Allah a fito da takardar Baba a karanta gaban kowa. Wata za ka tarar da ajami aka rubuta ta, an naɗe cikin gafakar Alƙur'ani ko ƙasan akwatin ƙarfe, to a samu mai karanta ajami sosai, ka ɗauki hotonta da waya a wurin kafin a mayar.

Sannan ka duba su wa suka shaida, mutum 2 adalai ake so, in suna da rai a kira su. Ka kuma duba yawan abin, wasiyya ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi, kuma ba a yin ta ga wanda yake da gado sai sauran magada sun yarda. Nan ne mutane suka fi cutuwa wallahi, a ce wai gidan an bar wa ɗa guda sauran su yi shiru don kunya.

In an ƙi nunawa, kai maganar gun mai unguwa ko hakimi, in ba ta warware ba ka shigar da ƙara a kotun shari'a, alƙali zai sa a kawo takardar da shaidu kafin raba gado. In kuma wajen lauya marigayin ya ajiye ta ko a ofishin rajistar wasiyya na babbar kotun jiha, ka tafi da takardar shaidar mutuwa da katin shaidarka.

Wanda ke riƙe da takardar kuma a karanta masa aya ta 181 cikin Baƙara, wadda ta ɗora zunubin canza wasiyya a wuyan wanda ya canza bayan ya ji ta.