Yadda Ake Fara Haɗa Kiɗa da MIDI a Kwamfutar Gida

Yawancin masu koyo da na gani suna ɗauka cewa sautin da suke ji daga fiyano yake fitowa, alhali MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Tun da aka fito da shi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland, aikinsa isar da saƙo ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi a ma'aunin 0 zuwa 127, kuma yaushe aka sake shi. Manhajar sintesaiza da ke cikin kwamfuta ita ce take mayar da saƙon ya zama kiɗa.

A fara da haɗa fiyano da kwamfuta. Ba sai an sayi sabo ba, domin Yamaha PSR irin wanda ya cika situdiyoyin Kano, muddin yana da kafar USB a bayansa, wayar firinta ta ishe shi, sai dai a kashe ƙararsa gaba ɗaya don kada sauti biyu su cakuɗe. Daga nan a buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, a shiga saitin MIDI, a kunna sunan fiyanon. Sintesaiza kuwa guda ɗaya za a ɗora, Vital ko Surge XT, dukansu ana samunsu kyauta, kuma kada a ƙara wani sai an yi wata uku da shi. Wanda ya tara ashirin a makon farko, sauraron sautuka zai yi ta yi har dare ba tare da ya haɗa komai ba.

Inda ake yawan karaya shi ne jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da fitowar sauti. Ni kaina na yi kwana uku ina zargin waya, har na sayo wata, ashe laifin yana cikin saitin sauti. Kwamfuta tana tara sauti a wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa kafin ta tura shi lasifika, kuma da yake a daƙiƙa ɗaya ana sarrafa gutsure 44,100, bafa mai gutsure 2048 tana jawo jinkirin milisakan 46, wanda yatsa ke ji sarai. A zaɓi ASIO, wato tsarin isar da sauti mai rage jinkiri, a saitin sauti, ko a sauke manhajar ASIO4ALL idan babu akwatin sauti na waje, sannan a rage bafa zuwa 256, wato kusan milisakan 6. Idan sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf, an matsa wa kwamfutar ne, sai a koma 512. Abin kunne na Bluetooth a ajiye shi gefe, don jinkirinsa ba ya gyaruwa da saiti. Haka kuma idan an ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, takan rage ƙarfinta, ƙaraf-ƙaraf ɗin ya dawo ko da ba a taɓa komai ba.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A kunna ma'aunin bugu, wato ƙarar da ke ƙirga lokacin kiɗa, a ɗauki layuka takwas, a gyara maɓallan da suka kauce wa bugun da linzamin kwamfuta, amma kada a daidaita su duka cif, don kiɗan zai bushe. A adana aikin tukuna, sannan a fitar da shi a fayil ɗin sauti na WAV.