Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara hoki na ƙanƙara, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙanƙara a Kanada ko Amurka da safiyar Asabar, ya kalli 'yan shekara bakwai suna buga hoki, ya san abin da ake gani. Yara goma sun dunƙule a kusurwa ɗaya kamar kaji kan tsaba, sanduna sai ƙara suke yi, sauran filin kuwa fayau, ba kowa. A wannan shekarun ba abin damuwa ba ne. Abin da ke damuna shi ne a ga yaro ya kai goma sha biyu bai daina ba, don ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa aikin da ke kansa a lokacin da ƙwallon ba ta wurinsa.

Lissafin a fili yake. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ƙwallon kuwa, wadda ake kira fak, ɗan faifan baƙar roba ne guda ɗaya tak. Ashe ke nan kusan duk lokacin da yaro zai yi a fili, ba shi ke riƙe da fak ba. Mafi yawan kurakuran da zan ambata daga nan suka taso: koci da iyaye da yaran kansu, idon kowa na kan mai fak, an manta da sauran huɗun.

Kowa na bin fak

Tsawa ba ta raba wannan cincirindo. In ka ce wa yaro "ku watse", zai ja baya taku uku ya tsaya yana kallo, bai san me zai yi a can ba. Ba shi aiki da suna. Idan abokinka ya karɓi fak, ɗaya ya wuce gaba inda babu sandar abokin hamayya tsakaninsa da mai fak, ɗaya ya zauna a baya kaɗan don in hanya ta toshe a mayar masa. Su ukun sun yi kusurwa uku ke nan, mai fak yana da zaɓi biyu a kowane lokaci. Sannan mai jiran fasin ya kwantar da bakin sandarsa a kan ƙanƙara. Yara da yawa suna yawo da sanda a sama daidai ƙugu, fasin ya zo ya bi ta ƙarƙashinta ya wuce, kuma a ɗora laifin a kan wanda ya bayar.

Babban maganin dai shi ne a rage fili. Filin manya a Arewacin Amurka ƙafa 200 ne a tsaye, 85 a kwance. A irin wannan fili, yaron da ya fi kowa gudu zai ɗauki fak tun daga gidansu ya zura har ragar abokan hamayya ba tare da ya ɗaga kai ba, sauran su bi shi a baya. Shi bai koyi komai ba, su ma haka. Shi ya sa hukumar USA Hockey ta fito da sabon tsarin renon 'yan wasa a 2009, inda 'yan shekara takwas zuwa ƙasa ke wasa a faɗin fili maimakon tsawonsa. Hockey Canada ta wajabta irin wannan ga 'yan shekara biyar da shida daga kakar 2017, sannan ta faɗaɗa wasan rabin fili ga 'yan bakwai da takwas a 2019. Iyaye da yawa sun yi ƙorafi cewa wannan ba hoki na gaske ba ne. Ni a ganina hukumomin sun yi daidai. Inda wuri ya matse, gudu kaɗai ba ya fid da yaro. Dole ya juya, ya kare fak da jikinsa, ya nemi ɗan'uwansa. Ko yaran da suka girma, a ware musu wani ɓangare na kowane atisaye su buga biyu da biyu ko uku da uku a kusurwa ɗaya.

Gwanin da ba ya sakin fak, da matsoracin da ke jefar da shi

Kowace ƙungiyar yara tana da wanda ya fi saura. Koci mai son cin wasan yau zai bar shi ya yi ta yanke mutane shi kaɗai, don yana kawo nasara. Shekara biyu ko uku nan gaba sauran yara za su kamo shi a girma da gudu, 'yan baya su koyi tare hanya, sai a wayi gari yaron da ake ji da shi ba ya iya wasa da kowa. An cuce shi, an kuma cuci waɗanda suka yi shekaru suna rakiya.

Irin wannan yaro ya kamata ya san tarihin Wayne Gretzky. Ya ci ƙwallo 894 a gasar NHL, babbar gasar ƙwararrun hoki ta Arewacin Amurka, amma fasin da ya bayar aka ci ya kai 1,963. Wanda ke biye da shi a yawan maki, Jaromir Jagr, idan aka haɗa cinsa da taimakonsa gaba ɗaya 1,921 ne. Wato ko da Gretzky bai taɓa jefa fak a raga da kansa ba, da har yanzu shi ke kan gaba a maki. Wurin da ya fi so ya tsaya ma bayan ragar abokan hamayya ne, inda ba a iya ci kai tsaye, amma ana ganin kowa. A atisaye, a sa doka cewa ci ba ya ƙirguwa sai an yi fasin uku. A wasa kuma, in an ci, koci ya fara yaba wa wanda ya ƙwato fak da wanda ya bayar, da sunansu, a gaban kowa. Hoki na rubuta sunan waɗanda suka taimaka a ci, har mutum biyu. Yara su ji cewa kocinsu ma yana ƙirgawa.

Sai dai akwai kishiyar wannan kuskure, kuma ba a cika maganarta ba. Yaron da kullum ake yi wa ihu daga wurin 'yan kallo "saki, saki!" yakan koma tsoron fak. Da ya taɓa sandarsa sai ya wurga shi ko'ina, in dai ya rabu da shi. Wannan ba fasin ba ne. Abin koyarwa shi ne lokaci. Idan ku biyu ne kuka tunkari ɗan baya ɗaya, riƙe fak ɗin har sai ya zaɓa: in ya taho kanka, ka ba ɗan'uwanka, in ya tsaya tare hanyar fasin, ka buga raga da kanka. Yaro ba zai iya wannan ba sai kansa na sama, kuma ba zai ɗaga kai ba muddin yana fargabar abin da za a ce in fak ya kuɓuce masa.

Shiru a fili

Ranar 28 ga Fabrairu, 2010, a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver, Kanada da Amurka sun tashi biyu da biyu aka shiga ƙarin lokaci. Sidney Crosby ya tura fak wa Jarome Iginla a jikin katanga, ya yanka ya nufi raga, ya ƙwala masa kira da laƙabinsa, "Iggy!" Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana cikin faɗuwa ya mayar masa, Crosby ya zura ta tsakanin ƙafafun gola Ryan Miller. Kalma ɗaya ce ta haɗa su. Yaranmu kuwa sai su buga wasa guda ba wanda ya buɗe baki. Mai fak yana fuskantar katanga, bai ga wanda ke tahowa ta bayansa ba, ɗan'uwansa yana gani ya yi gum. Ƙungiya ta tsayar da kalmomi uku ko huɗu gajeru da kowa ya sani: ɗaya na nufin akwai mutum a bayanka, ɗaya kana da lokaci, ɗaya ga ni. Gola ne ya fi kowa ganin fili, don haka shi ya kamata ya fi kowa magana.

Fita daga gida

A wasan yara, yawancin ƙwallayen da ake ci ba wata dabara ce ta abokan hamayya ba, kyauta ce aka ba su a bakin raga. Dubi yadda abin ke faruwa. Ɗan baya ya je ɗauko fak a kusurwa, idonsa a ƙasa, bai waiga ba ko sau ɗaya. Yana jin ƙarar takalmi a bayansa sai ya firgita, ya wurga fak ta tsakiya, ta gaban golansa, daidai inda abokin hamayya ke jira. Ɗan gefe, wato ɗan gaba mai wasa ta gefen fili, da ya kamata ya taimake shi kuwa ya riga ya tsere can wajen jan layin tsakiyar fili yana ɗaga sanda.

Gyaran yana da sassa uku, kuma yana son maimaici har ya zama jiki. Ɗan baya ya waiga ta kafaɗarsa tun kafin ya isa wurin fak, don ya san ta ina ake zuwa. Ɗan gefe ya dawo ya tsaya a jikin katanga, bayansa ga katangar, ƙirjinsa ga fili, ƙafafunsa na motsi, yadda zai ga mai ba shi da mai tare shi a lokaci guda. Ɗan tsakiya, wato na tsakiyar 'yan gaba ukun, ya sauko ƙasa sosai ya lanƙwasa kusa da su, don a samu gajeren fasin na biyu. In gefe ɗaya ya cushe, a zagaya ta bayan raga a ba ɗaya ɗan bayan. Ta gaban raga dai ba a bi.

Da fak ya ɓace kuma, 'yan gaba su juyo da gudu. Yara na ɗaukan tsaro aikin 'yan baya ne kawai. Patrice Bergeron ya buga wa Boston Bruins a matsayin ɗan tsakiya har ya yi ritaya a 2023, kuma sau shida yana karɓar kyautar Selke, wadda ake ba ɗan gaban da ya fi iya tsaro. Haka nan kada a kafe yaro ɗan shekara tara a matsayi ɗaya don yana da jiki ko ba shi da sauri. A juya su, kowa ya ɗanɗani baya da gaba.

Daɗewa a fili da zaman benci

Ƙwararrun NHL, duk da ƙarfinsu, kimanin daƙiƙa 45 suke yi a kan ƙanƙara su fito a canza su. Yaro ya yi minti biyu yana jan ƙafa, ya gaji, ya ƙi fita don yana jiran ko fak zai zo masa, alhali ɗan'uwansa na tsaye a ƙofar benci. A canza lokacin da fak ya yi nisa cikin gidan abokan hamayya, ba lokacin da suke tahowa ba. A zango na biyu cikin zango ukun wasan a ƙara kula, domin an sauya gefe, benci ya yi nisa da ragar da ake karewa.

Laifin da ya fi wannan nauyi na koci ne: wasa ya yi zafi, sai ya zaunar da raunana ya yi ta juya gwanaye biyar. Tun a shekarun 1980 masani Roger Barnsley ya lura cewa waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyin matasa na Kanada, saboda ana raba rukunin shekaru ne daga 1 ga Janairu. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, kuma a wannan mataki bambancin ba kaɗan ba ne. Sau da yawa abin da koci ke kira baiwa, girman jiki ne kawai. Martin St. Louis gajere ne, ba ƙungiyar NHL da ta ɗauke shi a zaɓen matasa, amma a 2004 shi ne gwarzon ɗan wasan gasar, ya kuma ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Tampa Bay. Yaron da ke zaune a benci ba ya ƙaruwa da komai, kuma shi ne wanda ba zai dawo kaka mai zuwa ba.

Bangaza kafin lokaci

Wasu iyaye na ɗokin ganin ɗansu ya maka wani da katanga. A 2010 Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary da abokan aikinta suka kwatanta 'yan shekara 11 da 12 a lardin Alberta, inda aka yarda da bangaza, wato bugun mai fak da jiki, da takwarorinsu na Quebec, inda aka hana. Haɗarin rauni da na girgizar ƙwaƙwalwa ya ninka sama da sau uku a Alberta. USA Hockey ta cire bangaza daga wannan rukuni a 2011, Hockey Canada ta bi sahu a 2013. Abin da yaro ke buƙata shi ne ya iya karkatar da mai fak zuwa katanga ta hanyar kusurwar da ya tunkare shi, ya sa sandarsa a kan ta wancan, ya karɓe fak.

Bayan an ci ku

Ka lura da abin da ke faruwa cikin daƙiƙa goma bayan fak ya shiga ragarku. A wata ƙungiya za ka ga gola, yaro ƙarami cikin kaya masu nauyi, ya durƙusa yana zaro fak daga raga shi kaɗai, 'yan'uwansa sun juya baya, wani ma ya buga sanda a ƙasa don takaici. A wata kuma ɗan baya zai zo ya ɗan taɓa masa kariyar ƙafa da sanda kafin ya wuce. Wannan ɗabi'a koya ta ake yi, kuma daga benci take farawa. Kocin da ke ɗaga hannu sama duk lokacin da aka yi kuskure yana koya wa yara su yi wa juna haka. Gyara ya jira sai yaro ya dawo benci ya huta, a faɗa masa abu ɗaya, a hankali, kan abin da zai yi in ya koma. Kyaftin ma a riƙa juya shi a tsakanin yara, a kuma ba shi aiki takamaimai: shi ne na farko wurin gola idan an ci, shi ne zai zauna kusa da sabon yaro a ɗakin canza kaya.

Ku iyaye kuma, a mota kan hanyar gida ku bar zancen wanda ya jawo aka ci, musamman in ɗan wani ne. Abin da kuka faɗa a kan abokin wasansa, da shi ɗanku zai shiga fili ranar atisaye, kuma a ranar ba zai ba wannan yaron fasin ba.