In ƙarfe ya ƙi ƙaruwa a jim

Ɗan'uwa in ka yi wata guda nauyin da kake ɗagawa a benci, wato kana kwance kana tura ƙarfe sama, ya tsaya cak, kar ka ce hannu aka sa maka, yawanci gajiya ce ta taru a jiki. Ka rage kamar kashi 10 cikin 100 na sati ɗaya, in ka dawo sai ka dinga ƙara kilo 2.5 kawai ba wai ka jibga manya don 'yan jim su yi maka tafi ba. Barci awa 7 zuwa 9, ka ci ƙwai, wake, awara, kifi, wajen giram 1.6 na furotin a kullum kan kowane kilo na nauyin jikinka. Sanyin Jos ɗin nan kuwa da asuba, ɗumama jiki sosai kafin ka taɓa ƙarfe.