Kafin Ka Fara Littafin Almara, Sayi Littafin Dokoki

Shekara 2 da rabi na yi ina fama da littafina na farko, labarin wani ɗan maharbi da ya shiga garin 'yan ruwa neman ƙanwarsa. Rabin lokacin ya tafi ne wajen gyaran ɓarnar da na yi da hannuna, don haka bari in rage maka hanya.

Kafin babi na 1, samo ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka zuba dokokin duniyarka a ciki. Ni sai da na sha kunya na gane amfaninsa. A babi na 3 na ba jarumina layar zana, ya ɗaura a damtse ya wuce dogarai 12 ba wanda ya gan shi. A babi na 19 kuma aka jefa shi kurkuku, ya kwana 7 yana zubar da hawaye. Ƙanwata na karantawa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ina layar tasa? Ko wajen wanki ya manta ta?" Babi 6 na yaga saboda tambayar nan. Mai karatu zai yarda aljani ya ɗauke gari a tafin hannu, amma ba ya yafe wa marubuci mantuwa.

Saboda haka kowane asiri ka yanka masa sharaɗi da farashi. Da na koma, sai na sa duk lokacin da yaron ya ɓace da layar, fuskar mutum ɗaya da ya sani za ta goge daga zuciyarsa. Nan take labarin ya miƙe. Ga ƙofa, ga laya, amma yana tsoron kada fuskar da za ta tafi ta zama ta wadda ya fito nema. A littafin dokokin nan kuma za ka rubuta kwana nawa ake yi a doki daga gari zuwa gari, wa ya girmi wa, da wanda ya riga ya mutu, kada ka tashe shi a ƙarshe yana gaisuwa a fada.

Mu da muka tashi da littattafan yaƙi, da mun ɗauki biro sai birnin Misra da Kisra, da sarki mai sunan da numfashi ke yankewa kafin a gama faɗa. Ba laifi ba ne, amma rumbun gida cike yake. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ta nuna tun tuni Bahaushe ya iya shirya ƙarya mai daɗi. Je ka zauna da tsohon maharbi ko ɗan tauri, ka kai masa goro, ka ji yadda yake bambanta asirai irin su sagau da kau-da-bara da baduhu. Ga Madawaki da Galadima da Magajiya da Sarkin Baka, ga lifidi da sulke da kwalkwali. Sai dai ka ƙirƙiri ƙasarka da sunayen garuruwanta. Kada ka ɗora tsafi a kan masarautar da ke raye, kuma ka taka a hankali duk inda labari ya kusanci addini.

Rubutun kansa ba shi da wani sirri: shafi 2 kullum bayan sallar asuba, a waya, ina tura wa kaina ta imel duk Juma'a. Shawarata, kada ka fara sakinsa a WhatsApp kafin ka kai ƙarshe. 'Yan "a ci gaba don Allah" za su ƙwace maka linzami, ka wayi gari kana haɗa auren da ba ka shirya ba. In ka gama, ajiye shi wata guda, sannan ka karanta da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya. Kai babi ɗaya zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen jiharka, ka kuma biya wanda ya san ƙa'idojin rubutu ya duba maka rabawa da haɗewar kalmomi.

Bugu kuwa, mafi yawanmu da aljihunmu muke yi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa ake nemanta, kuma bayan bugu ana kai musu kwafi 3. In a Kano za ka sayar, leƙa hukumar tace finafinai da ɗab'i ka ji sharuɗɗansu tun kafin ka zuba kuɗi.

A maɗaba'a kada ka ba da rubutu sai ka mayar da shi PDF. Na ba da nawa haka nan, kwamfutarsu ba ta san ƙugiya ba, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke ya koma ɗan akwati. Allah ya taimaka na nace sai an ciro mini samfuri ɗaya kafin a kunna inji. Daidaita shafukan su rabu 16-16, don haka ake naɗe takardar. In ba haka ba za ka biya kuɗin farar takarda a ƙarshe. Bango ka ba mai zane na gaske ya zana jaruminka, ka bar hotunan da ake kwasowa a intanet.

Na buga 1,000 saboda zumuɗi. 'Yan kasuwa suka karɓa da sharaɗin sai an sayar, wasu har yau in na je sai su ce kasuwa ba daɗi. Na biyu da nake shiryawa, babi 5 na farko zan saka kyauta a Wattpad, manhajar karanta labarai, in ga ko za a tanka, sauran na mai biya ne, duk da na san wani zai tura shi zaure-zaure. Takarda kuma 200 zan fara bugawa, don kwali 2 na wancan suna nan ƙarƙashin gado, duk sati ina ɗagawa in duba ko gara ta shiga.